Jakin Tuluna a Ƙofar Ɗan Agundi

Jama'a, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano bara, ban ga tashin hankali irin na yau ba!

Na sari tuluna goma sha biyu a kasuwar Kurmi, iyakar jarina ke nan, zan kai Nassarawa. Tanko mai jaki ya ce ɗaurin kaya kobo uku ne, kowane mil kuma kobo biyu. Na tsuguna na zana lissafin a ƙasa, yadda malaminmu na boko ya koya mana. Gajeriyar hanya ta fi araha, sai na ce mu bi Ƙofar Ɗan Agundi.

Muna isa, kaya suka fi ƙofar faɗi!

Tanko ya ce, "Malam, sai mun sauke. Sabon ɗauri kuwa, sabon kobo uku."

Na ce, "Babu shi a lissafina. Kora shi a hankali."

"To, jakin dai bai yi boko ba!"

Ya kora, jaki ya maƙale. Ga garken shanu a bayanmu, makiyayi na ta ihu, "Ku ba da hanya!" Wani bijimi ya kawo ƙaho, jaki ya zabura. Sai ji kake tas, tas, tas!

Tulu tara sun fashe. Uku suka rage, ɗayansu ma da tsaga.