Baba Tassiou, Wakilinmu na Ƙetaren Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, Anti Aissa ta kira ni a wurin aiki ta ce mijinta, Alhaji Tassiou, ya cika a gidansu na McLeansville, kusa da Greensboro a nan Amurka, bayan jinyar wata biyu.

Baba, kafin ka zo Greensboro ka yi shekara tara a birnin Hague kana tuƙa mota a ofishin wakilin Aruba, ɗan tsibirin nan da ke ƙarƙashin masarautar Holan. A bayan sitiyari ka yi karatunka na mulki. Kai ka faɗa mana tsibirin ne ke naɗa ministansa ya tura shi can, ya zauna da ministocin masarauta duk ranar da za a taɓa abin da ya shafi mutanensa. Shi kaɗai ba ya rinjaye, amma idan ya ce hukunci zai cuci tsibirin, sai a dakata a sake zama. Mukan yi dariya mu ce Baba ya fara Aruba.

Mun daina dariya a 2002, da uwar ƙungiyar 'yan garinmu a can Maraɗi ta yanke cewa duk yaron da ya kai shekara goma a mayar da shi gida ya yi lakkwal, wato makarantar boko, shekara uku, don kada ya tashi bai san asalinsa ba. Wanda ya ƙi, a cire sunan gidansu daga ƙungiya. Ba wanda ya tambaye mu. 'Yata Leïla tana da ciwon sikila, likitocinta suna nan, mahaifina kuma yana cikin dattawan da suka sa hannu. Na zo maka ina kuka.

Ka ce, "Sakinatou, share hawayenki. Ba mugunta suka yi ba, nisa ne. Wanda ba ya ɗaki ba a jin tarinsa."

Muka zaɓe ka, ka tafi. Kwana huɗu suka bar ka a zaure, wai reshe ba ya zama da uwa. Ba ka yi fushi ba, kullum kana gaishe su. Rana ta biyar ka shiga da takardun asibitin Leïla, ka karanta su da Hausa a gaban kakanta. Ba ka samu duk abin da ka nema ba. Ba a soke dokar ba, amma ta koma shawara, aka kuma ba mu kujera ɗaya a zaman uwar ƙungiya da ikon cewa a dakata. Wasu a nan suka ce ka yi sanyi. Ka amsa cewa ba a aike ka ka raba zumunci ba.

Leïla ta ce in rubuta cewa kai kaɗai ne kake mata Hausa ta amsa da Turanci ba ka tsawata mata ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ga Anti Aissa, da ɗanka Mahamane da ƙannensa, da dangi na nan da na gida, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da imani.