Irin Masarar Gwaggo

Ina wanke-wanke na ji ƙarar ƙwayar masara tana zuba cikin kwano ta bayan katanga. Bazara ce, ruwa bai sauka ba, ba lokacin murzar masara ba ne. Na leƙa gidan maƙwabciyarmu, gwauruwar da duk unguwa ke kira Gwaggo, na same ta zaune da jikanyarta ƴar shekara shida. Ta sauke masarar da ke rataye a saman murhunta, wadda hayaƙi ya dafe don kada ƙwari su ci.

“Gwaggo, ba irinki ba ne wannan?”

“Shi ne, ƴar nan. Ba ki ji baƙo jiya ba? Cewa ya yi a kawo iri.”

Na ji shi mana. Taron farkawa muke yi a majami'armu, an gayyato mai wa'azi daga birni, mai farar mota da takalmi kamar madubi. Ya ce talauci ba rabon ɗan Allah ba ne. Ya ce kowa ya shuka iri a gaban bagade, wanda zai ji zafinsa a rai, Ubangiji zai mayar masa ninki. Mu da muka ɗan zauna a aji mun gane ambulan ɗin kuɗi yake nufi. Gwaggo kuwa iri ɗaya ta sani a duniya, wanda marigayi mijinta ya zaɓa da hannunsa, take zaɓa daga jikin irin kowace kaka.

Na ce mata, “Kuɗi fa yake nufi.”

Ta yi dariya. “To ni ina na gan su? Gara ma ni, na gaske zan kai.”

A nan Gozaki ba haka muka tashi ba. Tsohon fastonmu, Allah ya ba shi hutawa, sai an gama girbi yake maganar zakka, kuma daga abin da gona ta bayar. Ko a ranar godiyar kaka, hatsin da aka tara, mu matan zumuntar coci muke ɗaukar wani mu kai gidajen irin su Gwaggo. Ban taɓa jin ya nemi abin da mutum zai sa a ƙasa ba. Har yau ina ba da baiko a coci da zuciya ɗaya, ban daina ba. Amma ban yarda Allahn da ya ba manomi hankalin ajiye iri shi ne zai aiko a karɓe ba.

Da yamma ta ɗauki kwanon a ka har gaban bagade. Baƙon ya duba ciki, ya ɗaga murya ya ce, “Ku ga bangaskiya! Mama, bana rumbunki zai tsage!” Aka yi guɗa. Dattawan da suka san ko mene ne a kwanon suka sunkuyar da kai, ba wanda ya tashi. Da aka watse na bi ɗaya daga cikinsu na ce, “Baba, a mayar mata.” Ya ce abin da ya hau bagade ba ya sauka.

Ashe yana sauka. Washegari mu ne da girkin baƙi. Aka kawo gari daga inji, ina talge sai ƙaurin hayaƙi ya bugi hancina. An juye irin cikin hatsin abincin taro an niƙa. Baƙon ya ci malmala biyu da miyar kuka, ya yaba hannunmu, ya shiga motarsa ya kama hanyar Funtua.

Ruwa ya sauka. Maigidana ya ɗebar mata daga namu irin, bai kai rabin gonarta ba. Sauran ta zauna fili, ciyawa ta rufe. Gwaggo ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Duk Lahadi tana layin gaba tana waƙa.

Ranar da aka fara noman farko, jikanyar ta shigo gidanmu da ƴar fartanyarta a kafaɗa, ta tsaya bakin ɗakin girki.

“Inna, irin da muka kai coci, a wace gona aka shuka shi? Kaka ta ce ke za ki sani. Ina so in je in cire masa ciyawa.”