Gyaɗa Uku a Kan Tire

A ƙasar sanyi na koyi wasan, lokacin da aka tura mu kwas kan injin jirgin ƙasa. Abokan aikina Turawa sukan taru ranar Asabar su baza littattafai uku masu kauri, da dayis iri-iri, wani mai fuska takwas, wani har ashirin. Mutum ɗaya ne mai labari, shi yake faɗin inda ake da abin da ya taso. Sauran kowa yana da mutuminsa a cikin labarin. Sai ka ce mutumina zai haura katanga, a jefa dayis a ga ko ya haura ko ya faɗo. Ba a sa kuɗi, ba wanda yake cinye wani. Daga baya na tarar da shi a Duwala ana yi da Faransanci, na kuma tarar da shi a Kumasi. Turawa gardamar doka ta fi ɗauke musu hankali. Mutanen Duwala kuwa sai su yi ta zuba zance da bakin mutanensu na cikin labarin har a manta da dayis.

Da na yi ritaya na dawo Kafanchan, ciyawa ta riga ta fara cin layin dogo. Ina da littattafan, ba ni da abokan wasa. Wa zai karanta shafi ɗari uku don ya yi hira? Sai na zauna na rage shi zuwa shafi guda, na rubuta da Hausa a bayan tsohuwar kalanda. Dayis ɗaya na ludo ya isa: ɗaya da biyu an faɗi, uku da huɗu an sha da ƙyar, biyar da shida an yi nasara. A jefa shi a kan tire, kowa yana gani, don a nan ba a yarda da hukuncin da aka yanke a ɓoye. Maimakon lissafin lafiya da yake cikin littafin, kowa gyaɗa uku ce a gabansa. In mutuminka ya ji ciwo, ka cinye ɗaya. In ta ƙare, mai labari zai ƙirga ɗaya zuwa goma. Kafin ya kai goma, duk wanda yake da biyu ko uku yana iya turo maka ɗaya, ka rayu. In ba a turo ba, mutuminka ya mutu, a binne shi. Wannan dokar ta turo gyaɗa ba ta cikin littafin Turawa, ni na ƙirƙiro ta, kuma na daɗe ina alfahari da ita.

Akwai abin da na cire gaba ɗaya. A littafin akwai wata al'umma da aka ce mugaye ne tun haihuwa, in ka gamu da su ka kashe, ba tambaya. Abokaina Turawa suna karkashe su suna shan shayi. Mutanen kirki ne, sai dai ba wanda a cikinsu ya taɓa tsayawa a ƙauyen da aka ƙone. Ni na san abin da wannan shafin zai zama a ƙasarmu, don haka ban kwafe shi ba.

Doka ta ƙarshe a kalandar ita ce: ba a canza doka sai kowa ya ɗora hannu a kan tire.

Mu huɗu ne, kowace Alhamis bayan la'asar, a gindin mangwaron gidana. Akwai Hedimasta, tsohon shugaban firamare daga wajen Fadan Kaje, dattijo a cocinsu, wanda har yau in ka yi kuskuren lissafi sai ya gyara maka. Akwai Ardo, Bafulatani mai noma da 'yan shanu a bayan Godogodo. Ba ardon kowa ba ne, mu muka laƙaba masa. Akwai Mama, tsohuwar nas, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu. Ni kuma suna ce mini Injiniya, ni ne mai labari.

Ardo sai da ya yi mako uku yana kallo, har ya tabbatar ba caca ba ce, sannan ya zauna. Da aka ce ya zaɓi mutuminsa, ya ce saurayi ne matuƙin kwalekwale.

"Kai da ko kududdufi zagaye shi kake yi?" in ji Hedimasta.

"Shi ya sa. A nan ne kawai zan shiga ruwa rigata ba ta jiƙe ba."

Hedimasta ya ɗauki maharbi, Mama ta ɗauki tsohuwa mai magani. Shekara shida suna tafe a wata ƙasa da na haɗa daga wuraren da na taka, dutsen nan, kogin can. Maharbi da matuƙi ba sa rabuwa da faɗa. In Ardo ya jefa ɗaya, Hedimasta ya ce, "Dayis ba saniya ba ne, malam, ba ya jin Fillanci." In Hedimasta ya jefa ɗaya, Ardo ya ce, "A kawo bulala, ɗalibi ya faɗi jarrabawa." Amma duk sanda na fara ƙirga, ban taɓa wuce uku ba. Gyaɗa za ta gangaro daga wannan gefen tire zuwa wancan, da zagi a bayanta. "Ungo, kada ka mutu ka bar ni da kwalekwalen da ban iya tuƙawa ba."

Sai wata damina, lokacin noman citta, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen su Hedimasta. 'Yarsa ta fari ta je taya ƙanin babanta aiki, da goyonta. Su biyun aka binne tare da sauran. Bayan kwana uku samarin yankin suka tare hanya, suna neman ramawa a kan Fulani. Ɗan Ardo yana dawowa daga kasuwa a kan babur, suka tsayar da shi. Yaron da ko akuya ba ya iya yankawa. Sai a rana ta biyu aka ga gawarsa a rafi.

Na je gaisuwa gida biyun. A gidan Hedimasta mata suna waƙar sujada, shi yana zaune da tabarau a hannu. A rugar Ardo an shimfiɗa tabarmi, ana addu'a, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. A cikin su biyun ba wanda ya je wa ɗan'uwansa gaisuwa. Da farko hanya ce ba ta biyuwa. Daga baya hanya ta buɗe, amma ba wanda ya je.

Na ga irin wannan a wasu ƙasashe. Na san wani gari da bayan rikici aka raba kasuwa biyu, har mai gyaran takalmi sai ka san addininsa kafin ka miƙa masa. Ban so in ga haka a gindin mangwarona. Abin da nake so ƙarami ne: mutanen nan biyu su sake zama a gaban tire ɗaya. Wata biyar ina zarya. Mama ce ta shawo kan Hedimasta, ni na shawo kan Ardo.

Ana gobe za su zo, na ɗauko kalandar na duba, sai tsoro ya kama ni. In gyaɗar wani ta ƙare fa? In na fara ƙirga, ɗayan bai motsa ba? Na ɗauki biro na soke dokar mutuwa da ta ƙirge. Na rubuta a gefe: wanda gyaɗarsa ta ƙare ya suma ne kawai, zai farfaɗo. Ni kaɗai na yi, ban tambayi kowa ba.

Suka zo. Hedimasta ya riga, ya zauna a kujerarsa. Ardo ya jingina kekensa, ya yi sallama.

"Sannu da zuwa," in ji Hedimasta. "Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ya namu haƙurin?"

"Mun gode Ubangiji."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Mama ta raba gyaɗa uku-uku. Na gyara murya na ce na ɗan sauƙaƙa wasan, mun tsufa, ba sai an riƙa mutuwa ba. Hedimasta ya miƙo hannu na ba shi kalandar. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, kamar mai duba aikin ɗalibi.

"Wa ya ɗora hannu a tire?"

"Ai ƙaramin gyara ne."

"To. Tunda yanzu kowa yana gyara shi kaɗai, ni ma ina da nawa. Ka taɓa ara mini littafin nan, Injiniya, na karanta. Akwai mutanen da ka cire. Waɗanda ake kashewa ba tambaya. A maido su."

Mama ta ce, "Haba, Baba."

Ardo bai ɗaga murya ba. Yana juya dayis a tafin hannunsa ya ce, "Ni ban yi boko ba, Hedimasta, ban karanta ba. Yaya kamanninsu?"

Hedimasta ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Kaza ta zo ta tsinci ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin benci ta wuce.

"Ba za a maido kowa ba," in ji Mama. "Kuma kai Injiniya, abin da ka soke ba ka da ikon sokewa. Ko a yi yadda aka saba, ko in ɗauki jakata."

Na dubi Ardo ko zai goya mini baya. Sai ya ɗora hannunsa a kan tire. "Yadda aka saba," ya ce. Mama ta ɗora nata. Hedimasta ya ɗora yatsu biyu. Ni ne na ƙarshe.

Na fara labari daga inda muka tsaya kafin damina. Suna bakin wani kogi, za su ƙetare zuwa garin da ake jiran maganin tsohuwa. Na yi iyakar ƙoƙarina in sa ranar ta zama mai sauƙi. Na ce akwai gada a gaba kaɗan, tafiyar rabin yini. Ardo ya ce a'a, matuƙi zai ƙetare da su a nan.

Na ce, "Kogin ya cika, Ardo. Ya kawo ƙarfi."

"Na ji. A nan."

Ya jefa, biyu. Kwalekwale ya daki dutse, kowa ya cinye gyaɗa ɗaya, sai maharbi da ya jefa shida ya dira a kan dutsen lafiya lau. Mama ta jefa ɗaya wajen kama reshe, ta sake cin ɗaya, saura mata guda. Na ce matuƙi yana kusa da gaɓa, taku uku ya fita. Ardo ya ce ba zai fita ba, zai koma ya ɗauko jakar magani da ruwa ya tafi da ita. Na ce jakar ta maƙale a ciyawa kusa, ba sai an jefa ba.

"Injiniya, kada ka raina ni. Miƙo dayis."

Ya jefa, ɗaya. Ya ci ta biyu. Na ce ruwa ya turo shi gefe. Ya ce ya sake nutsawa. Sai a lokacin na gane abin da yake yi. Tambayar da na soke da biro don kada a yi ta, ita ya tako kekensa daga Godogodo ya zo yi. Ba zai iya yin ta da baki ba. Ya jefa, biyu. Ya ɗauki gyaɗarsa ta ƙarshe, ya ɓare, ya tauna a hankali, ya haɗe hannuwansa a kan gwiwa.

Mama tana da ɗaya, doka ta hana ta bayarwa. Hedimasta yana da uku.

"Ƙirga," in ji Ardo.

Na ce ɗaya. Na ce biyu. A uku na dakata, don a nan aka saba. Hedimasta yana kallon tire, hannunsa a kan cinya. Na ce huɗu, na yi tari, na sha ruwa. Biyar. Mama ta rufe ido, bakinta yana motsi. A bakwai hannun Hedimasta ya taso, ya zo gefen tire, babban yatsansa ya taɓa gyaɗa ɗaya. Na ja takwas kamar mai kiran wani daga nesa. Yatsan yana nan a kanta, bai turo ta ba. Tara. Na jira har na ji kunyar jiran.

"Ƙarasa, Injiniya," in ji Ardo. "Ba laifi."

Na ce goma.

A doka, mai labari ne yake faɗin yadda aka binne mutum. Na kasa. Ardo ne ya faɗa da kansa. Ya ce a rana ta biyu aka same shi, a inda ruwa ya yi kwana, masu wanki suka gani. Ya ce saurayi ne mai hankali, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Sannan ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya gaida Mama, ya gaishe ni. Ya tsaya a gaban Hedimasta ya ce, "Allah ya jiƙan 'yarmu da jikanmu. Ni na kawo nono ranar bikinta, ka tuna?" Ya tura kekensa har bakin titi kafin ya hau.

Bayan girbi ya sayar da gonar, ya kora sauran shanun wajen danginsa a Nasarawa. Ya aiko mini da man shanu a kwalba, ba saƙo.

Hedimasta bai daina zuwa ranar Alhamis ba. Ba ma wasa. Mama takan leƙo wani lokaci ta auna mana jini, ta yi mana faɗan gishiri ta tafi. Mu zauna mu yi maganar taki da ciwon gwiwa. Kalandar tana rataye a ƙusa, da sokewar birona a jiki. Wata rana, an fi shekara, ya ɗauke ta ya karanta, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Ranar nan ka yi saurin ƙirga."

Ban taɓa ƙirga goma a hankali kamar ranar ba. Shi ma ya sani, malamin lissafi ne. Na ce masa, "Haka ne, na yi sauri." Ya gyaɗa kai, ya mayar da kalandar a ƙusa.