Baban Ɓera da Baron Magina

Kawuna ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa ɓeraye hidima. A ɗakin bincike na wata jami'a yake aiki, shi ke wanke kejinsu, ya canza musu shimfiɗar dusar katako, ya zuba abinci da ruwa. Ɓeran da muke bi da tsintsiya a gida, shi sai ya sa safar hannu kafin ya taɓa shi. Duk unguwa Baban Ɓera ake ce masa, kuma yana amsawa.

Abu ɗaya ke cin ransa: mazan gidanmu ba sa daɗewa. Babansa da yayyensa babu wanda ya yi furfura. Ko atishawa kawu ya yi sai ya fara barin wasiyya.

Wata rana masu binciken suka gaya masa abin da suka lura da shi a ɓerayen da yake kiwo. Cikin maza, masu laɓewa a kusurwar keji sun fi tsawon rai. Cikin mata kuwa, masu yawon shinshine-shinshine ne suka daɗe. Sun ja masa kunne cewa wannan fa ɓera ne, kuma alama ce kawai, ba magani ba. Ina! Kawu ya riga ya ji abin da yake son ji.

Yana dawowa gida ya ja katifa zuwa kusurwar falo, kusa da firij. Daga ranar, in ba wurin aiki ba, ko ƙofa ba ya leƙawa. Cefane, dubiya, kai dutsen guga gyara, duk suka koma kan matarsa, wadda muke kira Inna.

"Malam, ko ruwan da za ka sha ba za ka ɗebo ba?" in ji Inna.

"Tsawon rai nake nema miki. Mace yawo ne lafiyarta."

"Au, ni ɓera ce?"

"Ni dai ban faɗa ba."

Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Na ce lalaci ne kawai ya samu ɗaurin gindi daga jami'a.

Ana nan sai Inna ta zame a banɗaki, gwiwa ta kumbura, likita ya ce ta zauna wuri ɗaya. Ta zauna a ɗaya kusurwar falon. Kawu na kwance a tasa kusurwar yana kallonta, abinci ya ƙi shiga.

"Ɗan motsa mana," ya ce.

"Da wace ƙafar?"

Washegari ya aro baro a wurin magina. Ya wanke shi fes kamar yadda yake wanke keji, ya shimfiɗa bargo da matashi, ya ɗora Inna duk da masifar da take zuba masa. Da farko ta rufe fuska don kunya. Kafin su kai bakin titi ta buɗe, tana gaisawa da mutane, tana nuna masa inda zai bi.

Na same su a gangaren makaranta, yana haki, riga ta jiƙe sharkaf.

"Kawu, kai ne a waje? Tsawon ran naka fa?"

Ya goge gumi da hularsa. "Na kwanta na yi tunani. In na daɗe ba ta nan, da wa zan daɗe?"

Kunya ta kama ni.

"Tura, Malam," in ji Inna. "Ba mu leƙa layin teloli ba."

Ya ɗaga baron ya tura.