An Binne Rijiya, An Bar Isuhu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da teku ta ɗauke ƙanena Isuhu, ko takalminsa ba ta maido ba. Ni ban shiga lakwal ba, ban iya rubutu ba. Matarsa Hadiza ce ta zo daga Lyon take rubuta wannan a ɗakina na unguwar Goutte d'Or a Paris, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini magana ko ɗaya.

Ni na goya shi a Damagaram bayan rasuwar innarmu, ni na kawo shi ƙasar nan. Ya yi karatu a Lyon, ya samu aiki kan wani dandamalin ƙarfe da aka kafa tsakiyar tekun arewa, inda ake janyo gaz, iskar girki, daga ƙarƙashin ruwa. Sati uku can, sati uku gida. Duk saukowa sai ya biyo ta Paris kafin ya wuce wajen iyalinsa, kuma ba ya zama sai ya shiga madafa ya shafa kumfar sabulu a tiyon murhuna, ya tsaya yana kallo ko zai yi ƙwai, alamar gaz na yoyo.

Ban taɓa son aikin ba, na kuma faɗa masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, rijiya ce fa, kamar ta gidan Baba, sai dai tana tsufa irin na mutum." Ya ce shekaru ake yi jiragen ruwa na sauraren ƙasan teku kafin a san inda za a huda. In an huda, gaz ya taso da ƙarfin ƙuruciya har sai an danne shi. A kwana a tashi ya yi sanyi, sai an sa injuna suna jan sa. Daga ƙarshe ruwa ya fi gaz yawa, a toshe. "Ina so in ga ranar rufe tamu," in ji shi. "A wajen rufewa ake gane ma'aikacin kirki."

Na ce, "Kai dai rufe bakinka ka ci tuwo."

Wata safiya da iska mai ƙarfi ya sauka duba wani bututu, ya faɗa ruwa. Kwana uku suka nema suka haƙura. An yi masa sallar ga'ibi a unguwar Guillotière ta Lyon, babu makara a gaban liman. Da na je gida gaisuwa, na cika gwangwanin madara da ƙasar tsakar gidanmu na taho da ita, don ran da aka gan shi aka binne shi a nan, maza su zuba masa ita. Duk shekarun nan, in an tambaye ni ina kabarin ƙanena, hoton dandamalin nake nunawa. Shi kaɗai ne alamar wurin.

Bana wasiƙa ta zo wa Hadiza. Gaz ya ƙare. Za su toshe rijiyoyin, su yanke dandamalin, su ja shi gaɓa a sayar da ƙarfen. Suka gayyaci iyali ofishinsu na Paris. Na sa gwangwanin a jaka muka tafi.

Wata madam ta karɓe mu da shayi da murya mai laushi. Ta nuna mana zane: yadda za a wanke rijiya, a zuba siminti hawa-hawa, a gwada, a sake gwadawa, a yi shekaru ana zagayowa duba ta. Ina saurare. Wanka, rufewa, ziyara. Duk abin da ɗan uwana bai samu ba, ramin gaz zai samu.

Na ajiye gwangwanin kan teburinta na ce a zuba wannan cikin simintin. Ta buɗe, ta duba, ta ce simintin a aune yake, in baƙon abu ya shiga zai iya tsagewa gaz ya yi yoyo. Na ce to a kai ni in zuba a ruwan da hannuna. Ta ce ba a kai baƙi wurin. Abin da za su iya, su yanko mana guntun ƙarfen a rubuta sunansa. Hadiza ta karɓa saboda 'ya'yanta, ban hana ta ba. Ni na rufe gwangwanina.

A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Hadiza ta ce, "Yaya, teku ai ɗaya ce, mu je kowane baki mu zuba."

Na ce, "Ƙasar gidan uwata zan zuba inda ƙatti ke wanka tsirara?"

Abin da ke hana ni sukuni shi ne na san abin da Isuhu zai ce. Da yana ofishin nan, bayan madam zai bi. Zai dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, tana da gaskiya, ba a wasa da siminti." Mutumin da bai yarda da tiyon murhuna ba, yaya zai yarda da ƙasata cikin rijiyarsa? Sun ƙi ni da irin hujjarsa, shi ya sa har yau na rasa wanda zan zaga.

Nan da ɗan lokaci jirgi zai ratsa wurin, babu wanda zai san an taɓa wani aiki a nan, balle mutum ya mutu. Gaz ɗin da ya janyo an dafa abinci da shi an manta. Abin da ya rage na Isuhu 'ya'ya biyu ne, da guntun ƙarfe a Lyon, da kumfar da nake shafa wa tiyo kowace Juma'a.

Gwangwanin kuwa yana kan kabad ɗina. Hadiza, rubuta wannan da kyau, kowa ya zama shaida: ran da aka sa ni a rami, a juye mini ƙasar duka. Ni na goya shi da fari, sai mu yi kabari ɗaya. Allah Ya jiƙan Isuhu, Ya sa ruwan ya zame masa sanyi.