Gwangwanin Yajin Baba

Ranar wata Laraba ce bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya cinye dafaffen rogon da aka ajiye masa tas. Yana zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar gidanmu na Yalwawa, ya jingina da buhun gero, ƙasusuwan wuyansa duk sun fito. Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon bakinsa, ni kuwa ina tsugune da ɗan gwangwani ina barbaɗa masa garin da ke ciki. Tun da tari ya kwantar da shi, asibiti suka ɗora shi a kan ƙwayoyin da zai daɗe yana sha, abinci ya fita daga ransa. Tuwo yadda aka kai shi haka yake dawowa, kunu ya huce a kofi har ya yi fata. Sai ranar muka ga ya lashe yatsa.

Gwangwanin nan yana da tarihi. Baba direban tankar ruwa ne a wani kamfanin gina hanya, kuma wani bakanike Ba'indiye da suke cin abincin rana tare ne ya ba shi da zai koma ƙasarsu. Gari ne mai launin ƙasa. In ka buɗe murfin sai wani wari ya buge ka kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, amma da ya taɓa harshe sai tsami da gishiri da ɗan yaji su tsinka maka yawu. Muka sa masa suna yajin Indiya. Ranar farko Inna ta kamfaci cokali guda ta zuba a miyar kuka kamar daddawa, miyar ta ƙi ciyuwa, har awaki suka samu rabo. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ba a dafa shi, barbaɗawa ake yi." Daga nan babu abin da ya tsira: gurji, ɗanyen mangwaro, awara, dafaffiyar gyaɗa, dankali. Nakan ƙulla ɗan kaɗan a leda in tafi da shi makaranta, ƙawayena su toshe hanci suna tsaki, sannan su miƙo tafin hannu. Da Baba ya kwanta Inna ta hana kowa taɓawa, ya zama nasa shi kaɗai, ni ce kuma mai barbaɗawa.

Muna cikin wannan ɗan sauƙi Goggo Asabe ta zo daga Aujara, da kaza a hammata da ƙullin kaya a ka. Yayar Baba ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura kallon yaro take yi masa. Ta tarar da ni ina barbaɗa garin a kan dankali. Ta karɓa ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta dangwala a harshe. "Wannan ai tsami ne zalla," in ji ta. "Ku ba shi magani da safe, ku kashe maganin da rana?" A wajenmu kowa ya tashi da sanin cewa tsami yana kashe magani, mai shan magani ko kunun tsamiya ba a ba shi. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, shi kaɗai ke sa ya ci abinci." Goggo ta ce, "Ni na goya shi. Ba zan zuba ido kwaɗayi ya kashe min shi ba." Na dubi Baba ina jiran ya yi magana. Bai taɓa musa wa Goggo ba a rayuwarsa, ranar ma bai fara ba. Cewa kawai ya yi, "A bar wa Yaya."

Kwano ya koma dawowa a cike. Inna ta daka citta da masoro da kanumfari da ƙuli, ta yi masa yaji marar tsami, ya ɗanɗana ya ture. Goggo ta yanka kazarta ta yi farfesu, ta zauna a gabansa tana hura cokali tana lallashi, ya kurɓi romo kaɗan ya kau da kai. Ni kuwa, tun da ban sake ganin gwangwanin ba, na tabbata zubar da garin ta yi. In an aike ni zubar da toka sai in tona juji da kara, na duba bayan rumbu, na duba turken awaki. Na tsani Goggo a kwanakin nan, tsana irin ta yaro wadda ba ta da wurin zuwa. Ƙwayoyin Baba ba su taɓa tsallake rana ba, amma cikin da suke sauka babu komai. Bai kai babbar Sallah ba.

Bayan sadakar bakwai Goggo tana haɗa kayanta ta kira ni ɗaki. Ta kwance ƙullinta, ta zaro wani tsohon kallabi, ta warware shi a hankali. Ga gwangwanin. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dishe. "Ban zubar ba, Hajara," ta ce. "Ajiye masa na yi, in ya gama shan maganin ya ci abinsa."

Yau garin nan yana nan jibge a kantunan unguwar Takur cikin kwalaye masu hoto, a nan na ji ashe sunansa cat masala. 'Ya'yana suna zazzaga shi a kan kankana da soyayyen dankali, rabi a faranti rabi a ƙasa, ba wanda ya damu. Na yi zama da likitoci da yawa, amma ban taɓa tambayar ko ɗaya ba ko da gaske tsami yana kashe magani, domin kowace amsa ya ba ni sai ta yi min ciwo. Goggo ta riga mu gidan gaskiya, na kuma daɗe da yafe mata. Gwangwanin yana ƙasan akwatina, garin ya dunƙule ya yi tauri. Yana nan rabi, yadda Baba ya bar shi.