Mai Jan Biro a Tashar Daura

Kalilu dillalin shanu yana jiran motar Zango ta cika, idonsa na kan wata mata da ke zaune a ƙarshen benci. Ta manyanta, hijabinta ya koɗe, ƙafar tabaraunta ɗaya da zare aka ɗaure ta. Littattafan yara ne a cinyarta, tana bin su da jan biro, leɓunanta na motsi. Daga gani malamar firamare ce a wani ƙauye, irin waɗanda suka koyar da uwa, yau suna koyar da 'yarta.

Yana hango aikin nata. Inda yaro ya rubuta "tsuntsu", sai ta ja layi ta tambaya a sama: "Hazbiya ko kurciya?" Wanda ya ce "abinci" ma bai tsira ba.

Can sai biron ya tsaya. Ta daɗe a kan shafi ɗaya, sannan ta ɗago.

"Malam, na ga kamar harkar shanu kake. Ɗalibata ta rubuta wai ranar da aka sayar da saniyarsu ta ƙarshe, babanta ya ji wani iri. Me ake ji? Baƙin ciki ne ko kunya?"

Kalilu ya tuna hannayen da yake karɓar igiya daga gare su, da yadda suke jinkirin saki.

"Shekara ashirin ina ganinsa a fuskokin mutane, Malama, ban san sunansa ba."

Ta jinjina kai. Ta mayar wa biron murfinsa, ta bar wa yarinyar kalmarta.